Jan Fensirin Ƙasan Bene

Zuwa ga 'yata, manajar situdiyon Ƙasan Bene,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da ma'aikata. Gwiwata tana warkewa, amma likita ya ce sai na ƙara wata guda a nan gidan baffanki kafin in hau motar tafiya mai nisa. Uwarki tana gaishe ki. Ta kwaso rabin kicin ɗinmu ta zo da shi, har da tsohuwar butar shayin nan da usur ɗinta ya mutu tun tuni ta ƙi yarwa. Kada ki ce me ya hana ni kira. Kin san ni da waya, tana matse muryar mutum kamar an cusa shi a gwangwani, kuma maganar da ke bakina takarda take so.

Shekara huɗu da suka wuce na taɓa jin wata magana. Mai shagon fulogi da kebul na bakin layinmu ne ya tsegunta mini, ina tsaye ina zaɓen kaya. Ya ce, "Baba, wai da gaske ne in ka gama tace waƙa ka tafi gida sai a sake ta a bayan idonka?" Na yi dariya har sai da na dafa kanta. Na ce masa mutumin da ya sayar mini da fulogin da ya ƙone tun kafin in kai gida ba shi zai ba ni labarin gidana ba. Na ajiye zancen inda ake ajiye irinsa, na ci gaba da harkata.

To shekaranjiya mai sarewar nan, wanda na yi wa aiki kafin a kwantar da ni, ya aiko mini da faifansa, sabo fil daga kamfani, haɗe da takardar godiya. Na juya bayan kwalin, ga sunana an buga: tacewa da gyaran ƙarshe. Na sa shi a na'urar baffanki, na miƙe ƙafa, na rufe ido.

Malama Manaja, wannan ba aikina ba ne.

Na san hannuna kamar yadda tela ya san ɗinkinsa ko da a jikin baƙo ya gan shi. Kwana uku na yi a kan sarewar nan ina ɗaga ta har ta fito da haske. Abin da na ji shekaranjiya kamar an lulluɓe mutumin da bargo biyu an ce ya busa. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, jerin waƙoƙin nawa ne, shirun da ke tsakaninsu nawa ne, kaurin ganga nawa ne. Siririn sautin sama kawai aka zo aka aske. Wanda ya yi wannan ba ɓarawon waje ba ne, ya san inda nake ajiye komai.

Tun ranar da na buɗe gidan nan doka ɗaya na kafa, ban ƙara ta biyu ba. Mawaƙi ya yi waƙarsa a inda ya ga dama, ya haɗa ta a inda ya ga dama, amma in ya kawo mana don gyaran ƙarshe, ba abin da zai fita sai na saurare shi daga farko har ƙarshe, na ja masa jan fensir a takardarsa. Bayan jan fensir ba hannun da ke taɓawa. Ke da kanki kin taɓa shan faɗa a kan wannan kina sabuwar zuwa, don kin matsar da daƙiƙa ɗaya.

Ina son sunan wanda ya taɓa aikin mai sarewa. Suna nake so, ba bayani ba.

Ki gai da kowa. Ki huta lafiya.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na yi murna da jin cewa ƙafa ta yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Yara suna ta tambayar yaushe za ka dawo.

Game da faifan mai sarewa, Baba ka yi haƙuri, na'urar baffa ta girme ni, kuma falonsa cike yake da labule da kujeru masu shanye sauti. In ka dawo sai mu saurara tare a ɗakinka. Shi mai sarewar ya yaba ƙwarai, har ya turo mana mutum biyu.

Ɗaki na uku ya kusa kammala, jiya aka ɗora ƙofa. Sannan ka san wata mai zuwa situdiyo ke cika shekara talatin. Muna so mu buga ɗan littafi na tarihin gidan, kuma ba wanda zai ba da labarin farko kamar kai. Ka rubuto mana ko shafi uku ne tunda kana hutu.

Labari mai daɗi kuma, Gwaggo Mai Murya ta zo da kanta ranar Talata, ana riƙe da hannunta. Ta gama ɗaukar waƙoƙi tara, ta ce su ne na ƙarshe, daga su ta ajiye. Ta ce a gidan da ta fara a nan za ta ƙare. Mun ba ta ranar da za ka dawo.

Ka gaishe da Mama da baffa. Allah ya bar mana kai.

'Yarka.

*

Zuwa ga tsohon abokina Mai Dalma,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata bayan naka ya bar ka kana barci, kuma ina fata har yanzu ba ka ƙone kanka da ƙarfen narka dalma ba.

Na tambayi 'yarka Manaja suna, ta aiko mini da labule. Wai labulen ƙanena ne ya cinye mini sarewa. Ka ji fa. Ni da na yi shekara talatin ina koya wa mutane bambancin ɗaki da faifai, yau ni ake yi wa karatun labule. Sannan ta shafa mini kai da cewa in rubuta tarihi, kamar yadda ake ba tsoho carbi ya ja don ya bar mutane su yi aiki.

To tarihin zan rubuta, amma kai zan fara rubuta wa, don ka tuna da wa kake magana.

Ka tuna ƙasan benen teloli? Taku huɗu tsawo, taku uku faɗi, in na miƙe tsaye a gefen hagu sai matakala ta buge mini ƙeya. Keken ɗinki goma sha biyu ke gudu a samanmu. Ba na iya sauraren komai sai sun tashi cin abincin rana, sa'a guda cif, a cikinta nake yin aikin yini. Katifar da muke kwana a kai na ɗauko na kafe a bango da ƙusa, matata ta yi wata biyar a kan tabarma da cikin yarinyar nan, ba ta yi ƙorafi ba, sai dai har yau in mun yi faɗa tana tuna mini. Kwalayen ƙwai na bi shago-shago na roƙo na lilliƙa a rufi. Na'urar farko kuwa kai ka tsinto ta a bayan gidan rediyo an jefar, ɓeraye sun haihu a ciki, ka yi mako uku a kanta har ta yi numfashi.

A lokacin manyan kamfanoni su ke tace waƙa a cikin gidajensu, kuma abu ɗaya suka sani: a ƙara ƙarfi. Kowace waƙa ta fito tana ihu kamar ana gobara. Sau biyu suka neme ni, na ce ba zan zauna ƙarƙashin mutumin da ke auna waƙa da mudu ba. Kowa ya ce na haukace. Wata takwas ba wanda ya leƙo sai masu neman tela da suka ɓata hanya.

Sai Gwaggo Mai Murya. Ta shigo da tef a jaka, ranta a ɓace, kamfani ya mai da muryarta kamar ta mai tallan kalanzir. Ta dubi katifa, ta dubi kwalin ƙwai, ta ce, "Nan ne wurin, ko ɗakin kaji na shigo?" Na ce ta zauna. Da teloli suka tashi na kunna mata. Da tef ya ƙare ta ce, "Ashe haka nake." Fensirin da ke hannuna a ranar ja ne, na wani tela da ya faɗo ta matakala, da shi na ja layi a kwalin. Kafin shekara ta zagayo ba motar haya da ba ta kunna kaset ɗin.

Sauran ka sani. Teloli suka tashi muka hau sama. Muka karɓi bene duka. Kaset ya mutu muka koma faifai, faifai ya soma ciwo yarinyar nan ta dawo daga makaranta da kwamfuta, waƙoƙi suka fara zuwa mana ta iska daga ƙasashen da ban san da wane harshe suke gaisawa ba. Ban yi mata gardama ba. Na ba ta ofis, na ba ta ɗaki na biyu, na ce ta ɗauki wanda take so aiki. Abu ɗaya na riƙe, fensir.

Kai kake zuwa duk Asabar kana duba injuna. Ba abin da ke motsi a gidan nan ba ka sani ba. Zargina a kan mai gemun nan na ɗaki na biyu yake, wanda ke sauraren waƙa da ido, yana kallon layuka a allo yana gyaɗa kai. In shi ne, ka faɗa mini, ranar da na dawo ranar zai tafi.

Na gode. Ka gai da iyali.

Abokinka na ƙasan bene.

*

Zuwa ga Sarkin Kunne,

Na amsa gaisuwa. Baya yana nan yadda ka bar shi, ba ya gaba ba ya baya. Na karanta tarihinka, ka manta ka rubuta cewa ni na riƙe katifar kana buga ƙusa, kuma ɗan yatsana ka fara bugawa.

Ka bar mai gemu ya sha iska. Bawan Allahn nan in ya ji takunka a matakala har numfashi yake ɗaukewa. Ba ya taɓa abin da ka ja wa fensir ko da za a ba shi benen kyauta.

Ba zan ba ka suna ba, don ba nawa ba ne. Amma ni mai gyara ne, zan faɗa maka abin da injuna suka faɗa mini, su ba su iya kunya ba.

A kan na'urarka akwai maɓallin da ake murɗawa a ƙara siririn sauti. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa canza shi ba. A cikin shekara shidan da suka biyo baya na canza shi sau biyu, don kana murɗa shi zuwa dama har ya ƙure, sannan ka ci gaba da murɗawa kamar mai matse tsumma. Ƙananan lasifikan sama na ɗakinka, masu fitar da wannan siririn sautin, sau uku suna ƙonewa. Na ce maka wutar lantarki ce. Ba wuta ba ce.

Kuma bara, wajen tsakiyar shekara, na zo wata Asabar na tarar ƙaramin lasifikan hagu a mace murus. Na tambaya, aka ce ya kwana shida haka. Kwana shida kana zaune a gabansa, ka gama faifai biyu, ka ja musu fensir. Na canza shi kana waje kana faɗa da mai kawo ruwa. Ka dawo ka zauna, ba ka ji wani bambanci ba. Ran nan na koma gida ban ci abinci ba.

Na san yanzu kana zagina. Zagi, na saba. Shekara talatin kana ce mini kurma don ina jin ganga ɗaya da tukunya. Ban taɓa jin haushi ba, gaskiya ce. Amma kai ma ka buɗe littafin nan naka mai baƙin bango da kake rubuta inda ka tsai da kowane maɓalli, ka bi shi shekara-shekara. Rubutunka ne, ba nawa ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya. In ka dawo ka zo ka zage ni a gida, akwai kujera.

Naka, Mai Dalma.

*

Zuwa ga Manaja,

Sallama. Ina lafiya.

Ashe taro kuka yi. Ashe gidan gaba ɗaya, daga mai gyara har mai shara, an zauna an yanke cewa kunnen tsoho ya mutu, sai dai ba a sanar da mai kunnen ranar jana'iza ba. Na tambayi abokina na shekara talatin magana ɗaya, ya aiko mini da lissafin lasifika. Mutumin da bai san waƙa ta ƙare ba sai ya ga mutane sun tashi, shi ne yau likitan kunnena.

Ina jin ku sarai. Ina jin uwarki tana jan takalmi daga ƙarshen baranda. Ina jin motar baffanki tun tana kwanar layi, na kuma san tayar baya ta hagu ba iska. Da wane kunnen nake ji?

In ma akwai abin da ya ragu, wa ya ba wani izinin sa hannu a bayan fensirina? Da an zo an same ni an ce, Baba ga abin da muka gani, da mun yi faɗa irin na mutane mun gama. A'a. Sai aka bar ni ina hawa matakala kullum da gwiwar da ta ƙare, ina zama awa shida, ina fitowa ana ce mini sannu da aiki, Baba, aiki ya yi kyau. An mai da ni hoton bango. Baƙi su zo a nuna musu ni, ga wanda ya kafa gidan, har yanzu yana motsi.

Ga sharaɗina, ki karanta sau biyu. Waƙoƙin Gwaggo Mai Murya ni zan yi su, ni kaɗai, ƙofa a kulle, a kan na'urata. In na ja fensir, da hannuna zan miƙa mata, ba za su bi ta kwamfutar kowa ba. Ni na buɗe mata, ni zan rufe mata. In ba haka ba, ki sa a sauke sunana daga allon ƙofa, ki cire shi daga littafin tarihinku, ki ɗoro mini na'urata a mota. Akwai ƙasan bene a ko'ina.

Kuma har yanzu ban ji suna ba.

Wassalam.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina gai da Mama. Ka yafe mini abin da zan rubuta, don yau ba zan tauna ba.

Ni ce. Ba mai gemu ba, ba kowa ba. Ni kaɗai, shekara shida.

Ka ce da an zo an same ka. Na zo, Baba. Shekara shida da suka wuce na shigo ɗakinka na ce ko za mu je a duba kunne, tunda ana duba ido. Ka kashe na'ura, ka ce in fita. Mako biyu ba ka amsa gaisuwata ba, a gida da wurin aiki. Mama ce ta riƙa kai saƙo tsakaninmu kamar muna garuruwa biyu. Ka manta? Ni ban manta ba.

Ka san abin da ya kai ni ɗakinka ran nan? Gwaggo Mai Murya ce. Faifanta na wancan lokacin, wanda ka ja wa fensir, ta dawo da shi da kanta, ta same ni a ofis ta rufe ƙofa. Ta ce, "'Yar nan, me ya sami babanki? Duk inda na ce sa ko tsa sai in ji kamar an tsaga mini kunne da reza." Ta ce kada in faɗa maka daga bakinta ya fito, don ba za ta iya kallon idonka ba. Na zauna na rage abin da ya yi yawa, na mayar mata, ta ce yauwa, ga hannunsa ya dawo. Daga nan na fara. Kana ja fensir da yamma, ni ina zuwa ƙarfe shida na safe in gyara kafin ka iso.

Ga shafuka shida na littafinka mai baƙin bango na kwafo na haɗo da wasiƙar nan, ɗaya daga kowace shekara. Dubi layin maɓallin sama. Da ɗaya kake ƙarawa, in ya yi yawa ɗaya da rabi. Sai biyu. Sai huɗu. Na bana ka rubuta "ƙarshe", ka ja layi biyu a ƙarƙashi, ka ƙara da cewa na'ura ta tsufa.

Ka ce an mai da kai hoton bango. Ni fa me aka mai da ni? Shekara shidan nan su ne gidan ya fi girma. A cikinsu muka samu lambar yabo biyu, kai ka hau ka karɓa, ni na riƙe maka sanda a ƙasa. 'Yan jarida su zo su rubuta kunnen zinariya, su juyo su tambaye ni ko ni ce sakatariya, in kawo musu ruwa. Faifai sama da ɗari biyu sun bi ta hannuna, ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunana. Ina barin yara suna barci in fito don kada a ce aikin babana ya lalace. Ban yi don a gode mini ba. Amma ban yi don a kira ni ɓarauniya ba.

Ban goge aikinka ko ɗaya ba, duk suna nan a ajiye yadda ka bar su. Kuma abin da ka lura da shi gaskiya ne, ban taɓa taɓa jerin waƙoƙi ba, ban taɓa kaurin ƙasa ba, ban taɓa shirun tsakani ba. Na gwada, a ɓoye, sau da yawa. Nawa shirun ko ya yi gajere mutum ya ji an ture shi, ko ya yi tsawo ya ɗauka faifai ya ƙare. Kai kana rufe ido ka ja numfashi ka ɗaga yatsa, sai ya zauna daidai. Ban san yadda kake yi ba, kuma ba ka taɓa koya mini ba, don ba ka taɓa bari na zauna kusa da kai ba.

Game da Gwaggo, gidanka ne, na'urarka ce, ƙofa tana da makulli. In ka kulle ba zan fasa ba. Amma waƙoƙinta na ƙarshe ne, ba ta da wasu a baya da za a gyara da su. In ka miƙa mata abin da zai tsaga mata kunne, za ta karɓa, ta yi maka godiya, ta fitar da shi haka nan, don ba za ta ɓata maka ba. Da shi za a riƙa tuna ta. Ka yi tunanin wannan kafin ka yi tunanin allon ƙofa.

Na yi maka laifi da na ɓoye, na amsa. Sauran ban amsa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya huci zuciyarka.

'Yarka.

*

Mamana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya.

Har yanzu ina fushi, kada ki ga na ce Mamana ki ɗauka an gama. Shekara shida ba kwana shida ba ne, kuma maganar labule sai kin ba baffanki haƙuri, don ya ji an zagi falonsa.

In kin girgiza ambulan ɗin nan wani abu zai faɗo. Ba fensirin telan ba ne, wancan ya ƙare tun kina goye, wannan shi ne na goma sha wani abu. Ki fere shi da reza, kada ki sa shi a injin fira, yana karya baki.

Ga yadda za a yi da Gwaggo. Kujera biyu a ɗakina. Sautin sama naki ne, ba zan kai hannu wurin maɓallin nan ba, ki ce wa Mai Dalma ya huta da canza shi. Jeri da kaurin ƙasa da shiru nawa ne, kuma za ki zauna ki kalli yadda ake yi har ki iya, ba wani sihiri a ciki, numfashin mawaƙin ake bi ba agogo ba. Ke za ki ja fensir. A bayan kwali a buga suna biyu, naki a gaba. In Gwaggo ta zo ki bar mu ni da ita minti goma, akwai abin da zan faɗa wa mai tallan kalanzir.

Tarihin da kika ce, na rubuta shafi uku, na tsaya a shekara ta ashirin da huɗu. Sauran shidan ke za ki rubuta, kuma ki rubuta yadda aka yi, har da ƙarfe shida na safe. In kika gyara shi ya yi daɗi zan sani.

Kada ki ɗauka wasiƙarki ce ta karya ni. Na karanta ta sau uku, na ce yarinya ta iya tsara magana. Shafukan littafina ma na ce na'ura ce. A kicin nake zaune da rana, takardun a hannuna, na ba wa murhu baya, sai ga uwarki ta faɗo da gudu daga wajen shanya, hannu duk kumfa, ta wuce ni ta sauke buta. Na ce, "Gudun me kike yi kamar an biyo ki?" Ta tsaya ta dube ni. Ta ce, "Butar nan ta fi minti biyu tana ihu, har maƙwabta sun leƙo." Na ce usur ɗinta ai ya mutu da daɗewa. Ta ce, "Malam, usur ɗin nan bai taɓa mutuwa ba. Shekara nawa ina yi masa gudu kana zaune a gabansa." Na sa ta mayar da ita kan wuta. Na juyo da kujera na zuba mata ido. Tururi yana fita ta bakin usur kamar zai tsaga shi, uwarki ta toshe kunnuwa da yatsu, ni kuwa ina zaune a cikin shiru mai kyau, irin wanda nake sawa tsakanin waƙoƙi.

Zan dawo ranar Laraba. Ki nemo mini likitan kunnen, amma ba yaro ba. Ki biya ta shagon mai fulogi ki ce ina gaishe shi, kada ki ce masa komai bayan haka.

Shi ma ya faɗa mini maganar nan, na yi masa dariya. Mai Dalma ya faɗa, na zage shi. Kin faɗa, na ce tsari ne. Wadda ta faɗa mini ta ƙarshe uwarki ce, matar da ta kwana wata biyar a tabarma don gidan nan ya samu bango, kuma ita ban taɓa cin ta gardama ba.

Ki gai da yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.